Fuskar Malam a Jikin Bango

A birnin Paris, cikin babban gidan ajiye zane-zane da ake kira Louvre, akwai hoton wani tsoho mutumin Sifen, ƙasar nan da Manzo Bulus ya yi niyyar zuwa, wadda Littafi Mai Tsarki ke kira Asbaniya. Sunan tsohon Antonio de Covarrubias. Masanin shari'a ne, gwani ne kuma a Helenanci. Yana cikin waɗanda suka halarci babban taron ikkilisiyar Roma a garin Trent, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan malaman babbar majami'ar Toledo. Ya rasu a 1602. Wanda ya zana shi abokinsa ne, El Greco, wajen shekara ta 1600, sa'ad da tsufa ya riga ya kama malamin har kunnensa ya toshe.

Hoton ba shi da wani ado. Baƙar riga ce, da duhu a bayansa, sai farin gemu, da idanu irin na mutumin da ya daina jin hayaniyar duniya. Ba littafi, ba alƙalami, ba wata alamar da za ta nuna maka aikinsa. Duk da haka in ka dube shi ka san mai ilimi ne, ka kuma san mai zanen yana ƙaunarsa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Abin da El Greco ya yi ke nan, shi ya sa masana suke yabon hoton.

Littattafan tarihin zane da suka zo hannuna, kusan duka hanya ɗaya suke bi in sun zo kan zanen kamannin mutum. Sukan ce Romawa na dā sun iya shi, sa'an nan ya yi barci shekaru masu yawa, sai a ƙarni na 15 ya farka a Italiya da ƙasar Filandas, daga can ya bazu har Sifen, inda El Greco da Velazquez da Goya suka kai shi ƙololuwa. Ban ce ƙarya suka yi ba. Amma akwai wani ɗaki a Khartum wanda littattafan nan suka tsallake, ni kuwa na shiga ɗakin, na gani da idona.

A 2012 ne aiki ya kai ni Sudan. Masaukina a Omdurman yake, inda za ka ji Hausa a kasuwa kamar kana Kurmi, gama jikokin alhazan da suka bi hanyar Makka da ƙafa suna nan da yawa, haka ma zuriyar waɗanda suka bi Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903. Daga Omdurman in ka haye gada zuwa Khartum, kusa da Mugran inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa, nan Gidan Tarihi na Ƙasar Sudan yake, wanda aka buɗe a 1971. A lokacin, a ƙasa an jera kayan sarakunan Kush da na Merowe, ƙasar sarauniya Kandakatu wadda ma'ajinta ya sadu da Filibus a hanyar Gaza. Yawancin baƙi a nan suke tsayawa a wancan lokaci. Sai da na hau bene na tarar da abin da nake so in ba da labarinsa: ɓangarorin bango da aka ɓamɓaro daga majami'u, kowanne da zanensa, an tsai da su a jere. Mafi yawansu daga wuri ɗaya suka fito, wani gari da ake kira Faras.

Bari in koma baya kaɗan, domin da yawa cikinmu ba a koya mana wannan a makaranta ba. Bishara ta shiga ƙasar Nubiya, wato kudancin Masar da arewacin Sudan na yanzu, a ƙarni na 6. Wani firist mai suna Yuliyanus ya iso a 543, bayansa Longinus ya zo, har ya kai Soba a 580. Kufan Soba kuwa yana bakin Shuɗin Nilu, ba nisa da Khartum. Mulkoki uku ne suka karɓi bangaskiya: Nobadiya, da Makuriya mai babban birni a Dongola, da Alwa. Da rundunar Larabawa ta zo daga Masar a 652 ba ta ci Dongola ba, sai aka ƙulla yarjejeniya, aka zauna a kanta kimanin shekara ɗari shida. A cikin wannan zaman ne aka gina majami'u a bakin kogi, aka rubuta littattafai da Helenanci da Kibɗanci da harshen Nubiya. Babbar majami'ar Faras, Bishop Bulus ne ya sāke gina ta a 707. Da zamani ya juya, mutane suka watse, rairayi ya cika ginin har rufi, aka gina kagara a bisansa, aka manta da shi.

Ruwa ne ya sa aka tono shi. Da Masar ta fara gina babbar madatsar Aswan a 1960, aka ga cewa tafkin da zai taru zai haɗiye ƙasar Nubiya da kufanta duka. Hukumar UNESCO ta yi kira ga ƙasashe su zo su ceci abin da za a iya ceta. Masu haƙar kayan tarihi daga ƙasar Polan, a ƙarƙashin Farfesa Kazimierz Michalowski, suka ɗauki tudun Faras. Daga 1961 zuwa 1964 suna kwashe rairayi, bango yana fitowa, fuskoki suna fitowa. Suka sami zane fiye da 150, waɗansu a kan waɗansu, domin in yaɓe ya tsufa magina sukan sāke shafa sabo a kansa, masu zane su yi sabon aiki. Yadda suka cire su abin mamaki ne. Sai su shimfiɗa takarda marar kauri a fuskar zanen, su shafa kakin zuma da ƙaro, su bi da ƙarfe mai zafi kamar mai guga har ya kama, sa'an nan su yanka yaɓen ta baya da wuƙa, su kwantar da shi a kan katako, su naɗe da barguna. Haka suka ciro fiye da 120 kafin ruwa ya iso. Bisa dokar Sudan ta lokacin aka raba abin da aka samu: 67 suka tafi Warso, babban birnin Polan, sauran suka zo Khartum. Mutanen wurin su ma an kwashe su, kimanin dubu hamsin a ɓangaren Sudan, aka kai yawancinsu Khashm al-Girba can gabas, nesa da kogin kakanninsu.

To, cikin zanen nan akwai mala'iku da manzanni da labaran Littafi Mai Tsarki. Na daɗe a gaban na Shadrak da Meshak da Abednego a cikin tanderu, Mala'ika Mika'ilu ya buɗe fikafikai a kansu, wutar ja wur kamar jiya aka shafa ta. Akwai kuma babban zanen haihuwar Almasihu, da masu hikima a kan dawakai suna sukuwa, da makiyaya biyu baƙaƙe waɗanda mai zanen ya rubuta wa sunaye, Arniyas da Lekotes. Amma waɗanda suka riƙe ni su ne hotunan bishop-bishop na garin, wato malamansu.

Na Khartum da ya fi shahara shi ne na Bishop Kiros, wanda ya riƙe kujerar Faras daga wajen 866 zuwa 902. Yana tsaye cikin fararen tufafi, da littafi a hannunsa. Ba manzo ba ne, ba annabi ba ne. Mutum ne wanda jama'ar garin suka sani, suka ji muryarsa ranar Lahadi, wataƙila waɗansu ma ya tsauta musu. Aka zana shi a bangon da zai riƙa wucewa ta gabansa kullum.

Biyu daga cikin magadansa suna Warso, a littafi na san su, na kuwa duba su har takardar ta yi laushi. Na farko Bishop Bitrus ne, wanda ya yi aiki daga 974 zuwa 997. Baƙi ne ƙirin, siririn fuska, da ɗan gashin baki da ɗan gemu kaɗan, ya naɗa farin mayafi a kansa kamar rawani. Tufafinsa masu launi iri iri ne. Ya rungume littafi da hannun hagu, na dama yana sa albarka. A bayansa takwaransa Manzo Bitrus yana tsaye, ya ɗora hannuwa a kafaɗunsa. In da za ka cire masa kayan aikin nan ka sa masa babbar riga, ka zaunar da shi a zaure a Zariya ko Katsina, ba wanda zai tambayi daga ina baƙon ya zo. Na biyu Bishop Mariyanos ne, daga 1005 zuwa 1036. Shi kuwa mai faɗin fuska ne, mai kumatu, da cikakken baƙin gemu, fatarsa ta fi ta Bitrus haske. Maryamu ce take tsaye kusa da shi, tana riƙe da Ɗan, hannunta a kafaɗarsa. Tsakanin hotunan biyu bai fi shekara talatin da wani abu ba, majami'a ɗaya, kujera ɗaya, amma ko yaro ba zai ɗauki wannan a matsayin wancan ba.

Wani zai ce, ina muka sani ko haka Bitrus yake? Kama da wane ba wane ba ne. Tambaya ce mai kyau, an kuwa amsa ta. An sami kabarin Bitrus a gefen majami'ar da ƙasusuwansa a ciki. Wani likita daga cikin masu binciken ya auna ƙoƙon kan, ya gwada da zanen, ya tarar sun yi daidai. Ashe mai zanen ya zauna ya dubi mutumin ne, ya sa abin da ya gani. Wannan ya faru shekara ɗari shida da ɗoriya kafin El Greco ya ɗauki burushi domin abokinsa kurma.

Akwai abu guda da ba zan ɓoye ba, domin duk wanda ya ga hoton zai lura. Manzo Bitrus da ke bayan bishop ɗin fari ne fat. Haka Maryamu, haka mala'iku. Mutanen ƙasar ne kaɗai, sarakuna da iyayen sarakuna mata da bishop-bishop, aka ba launin fatarsu. Mu da muka girma da hotunan makarantar Lahadi, inda kowa a Urushalima ya yi kama da Bature, wannan yakan taɓa mana wani tsohon miki. Ga yadda nake ganinsa. Fuskar manzo gādo ce, mai zanen Faras ya karɓe ta daga Masar da ƙasar Rum yadda ya karɓi haruffan Helenanci, ba shi da izinin sāke ta. Shi ya sa manzannin Faras suke kama da juna kamar an buga su da hatimi ɗaya, manyan idanu, dogon hanci, ba motsi. Da ya zo kan bishop ɗinsa kuwa ba wani samfuri a gabansa, dole ya ɗaga kai ya dubi mutum. A nan gwanintarsa ta fito. Fuskar da ta fi rai a jikin bangon ita ce baƙar.

Ga kuma wani amfani da hotunan malaman nan suka yi wanda masu zanen ba su zata ba. A wani lungu na majami'ar an sami jerin sunayen bishop-bishop na Faras, guda 28, an rubuta su bi da bi, da yawan shekarun da kowanne ya yi a kan kujera inda rubutun bai goge ba. Da aka haɗa jerin da duwatsun kaburbura masu kwanan wata, sai aka san zamanin kowane bishop. In an san zamanin bishop an san zamanin hotonsa, in an san na hotonsa an san na yaɓen da yake kai, da dukan sauran zanen da ke kan yaɓen nan. Da haka Michalowski ya jera zanen Faras zamani zamani bisa ga launin da ya rinjaya: na fari masu ruwan shuni-shuni a ƙarni na 8, sa'an nan masu fari a zamanin Kiros, sai masu ja da rawaya, sai masu launi barkatai a zamanin Bitrus da Mariyanos. Masanan da suka biyo baya sun gyara jerin nan a wurare da dama, amma har yanzu duk wanda ya sami zane a wata majami'ar Nubiya, a Dongola ko wani wuri, da na Faras yake gwada shi. Fuskokin malaman sun zama turakun da aka ɗaure tarihin zanen ƙasa guda a jikinsu. Daga wannan haƙa ne ma nazarin Nubiya ya tsaya da ƙafafunsa a jami'o'i, dā can ɗan rakiyar nazarin Masar ne kawai.

El Greco ma ba bare ba ne ga wannan gida. Ba mutumin Sifen ba ne, sunan da aka san shi da shi ma'anarsa Bahelene. An haife shi a 1541 a tsibirin Karita, inda Bulus ya bar Titus, a can kuma ya koyi zane irin na ikkilisiyar gabas, irin mai manyan idanu da tsayayyun jikuna, kafin ya tafi Italiya, ya sauka Toledo a 1577. Har ya mutu a 1614 da haruffan Helenanci yake sa hannu a aikinsa. Wato rijiyar da ya fara sha ita ce wadda masu zanen Faras suka sha. Da Covarrubias zai tsaya a gaban bangon Faras, da ya karanta rubutun da ke kusa da kan Bitrus ba tare da tafinta ba.

Na san a cikin masu karatu akwai wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba tun da na ambaci hoto a cikin majami'a. Yawancinmu ikkilisiyoyin da suka haife mu farin bango suka sani, da allon lambar waƙa, sai ko aya guda a bisa bagade. Doka ta biyu tana nan, ba ni kuwa da niyyar kawar da ita. Amma hoton malam wani abu ne dabam da gunki, ai kuwa ba mu rasa hoton fasto a kalandar ikkilisiya. Abin da ya dame ni shi ne yadda muke sakaci da fuskokin waɗanda suka koya mana. A ɗakunan ajiyar mishan akwai tsofaffin hotuna da yawa. Za ka ga Bature a zaune a tsakiya, an rubuta cikakken sunansa a ƙasa, kamar Likita Mila na Wusasa, ya kuwa cancanta. Kewaye da shi mutane biyar ko shida a tsaye, su ne suka san harshen, su ne suka taka ƙauyuka da ƙafa, a ƙarƙashinsu ba kome sai kalma ɗaya mai nufin mataimaka. A gidanmu akwai irin wannan hoto, kakana yana ciki, na uku daga hagu. Sauran huɗun da ke tsaye tare da shi, duk wanda zai iya faɗin sunansu ya riga mu gidan gaskiya. Mutanen Faras sun zana fuskar, sun rubuta sunan a gefenta, sun kuma lissafta shekarun aikin. An koya mana cewa Samuel Ajayi Crowther, wanda aka naɗa a 1864, shi ne baƙar fata na farko da ya zama bishop. A ikkilisiyar Angalikan haka ne. Amma Bitrus na Faras ya riga shi da shekara 890, ga fuskarsa kuwa.

Maƙwabtanmu Musulmi wata hanya suka bi wajen tuna malamansu. Ba wanda ya zana Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ransa, ya rasu a 1817 ba a bar mana kamanninsa ba. Littattafansa da waƙoƙinsa da jerin almajiransa su ne hotonsa. A Omdurman ne na fahimci cewa ko a cikin wannan hanya mai zane yana da abin yi. A garin aka haifi Ibrahim El-Salahi a 1930. Mahaifinsa malami ne mai koyar da ilimin addini, yana kuma da makarantar allo, irin wadda suke kira khalwa. A nan yaron ya fara riƙe alƙalami, ya ga yadda ake yi wa allo ado, abin da mu muke kira zayyana. Ya tafi Landan a 1954, ya yi shekara uku a makarantar zane ta Slade, ya koyi zanen kamannin mutum irin na Turawa sarai. Da ya komo ya baje aikinsa a Khartum, mutane suka zo, suka gaishe shi, suka tafi, abin bai shige su ba. Sai ya koma yana duba abin da suke ratayewa a ɗakunansu, rubutun Larabci da faifai masu launi da zanen fata. Daga nan shi da su Ahmed Shibrain da Kamala Ishaq suka buɗe hanyar da aka sani da Makarantar Khartum. Tun a 1961 aka nuna aikinsa a Mbari ta Ibadan, a 2013 kuma gidan zane na Tate Modern a Landan ya yi masa babban baje koli na aikin rayuwarsa.

A 1964, bayan rasuwar mahaifinsa, ya yi wani zane wanda sunansa ke nufin Sautin Ƙarshe, wato addu'ar da ake yi a kunnen mai barin duniya. In kana neman hancin malamin ko gemunsa ba za ka samu ba. Launin ƙasa ne, da jinjirin wata, da da'irori, da haruffan da suka narke har ba su karantuwa, kamar tawadar allo in an wanke. Ɗan da ya iya zana fuskar ubansa daidai, gama an koya masa a Landan, sai ya zana abin da uban ya yi rayuwarsa a ciki. Ina lissafta shi cikin hotunan malamai, kusa da na Covarrubias da na Bitrus, ko da yake na san waɗansu masana ba za su yarda ba.

Saura maganar rabon nan na 1964. Akwai 'yan Sudan da suke ganin bai kamata Bitrus da Mariyanos su kwana a ƙasar sanyi ba, inda jikokinsu ba za su gan su ba sai da biza. Suna da gaskiyarsu. Masu kāre rabon kuma sukan ce in ba don mutanen Polan ba, da duka suna ƙarƙashin ruwa, su ma ba ƙarya suka yi ba. Ana cikin wannan gardama sai yaƙi ya ɓarke a Khartum ran 15 ga Afrilu 2023, tsakanin sojan gwamnati da dakarun RSF. A watan Yuni na shekarar dakarun suka shiga gidan tarihin, wanda dā ma a rufe yake domin gyara. A 2024 aka sami labarin manyan motoci suna fita da kaya daga harabarsa, har UNESCO ta gargaɗi masu cinikin kayan tarihi a duniya kada su saya. Da soja suka karɓe birnin a watan Maris 2025, ma'aikatan gidan suka koma, suka tarar da akwatunan gilashi a farfashe, ɗakin da aka ajiye zinariyar sarakunan Kush kuma an share shi tas. Garin Faras kansa yana ƙarƙashin tafki tun 1964, da majami'ar da Bishop Bulus ya gina.